Baƙuwa Mai Shuɗin Fure

Ranar da ta fara sauka a mashigin Kendu
ni da hannuna na tsinki furenta,
na soka wa Akeyo a gashi.
Muka ce, kainuwar wace ƙasa ce wannan,
mai kyau kamar an yi mata wanka da shuni?
Ba wanda ya san sunan uwarta.

Kafin damina ta juyo, tafkin ya zama gona,
gonar da ba a shuka ba, ba kuma mai ci.
Awaki suka tsaya a gaɓa suna kallon kore
sun rasa ta inda za su taka.

Ogutu ya fita da asuba, shi da komarsa,
ya kwana uku a tsakiyarta.
Muna hango rigarsa, yana hango hayaƙin murhuna,
filafili ya ƙi nutsewa, jirgi ya ƙi juyawa.
Ya sha ruwan ƙarƙashin ganye,
sauro ya sha shi.

Muka ce ta Yuganda ce.
Na Yuganda suka ce kogin Kagera ya goyo ta.
Na Mwanza suka ce iskarku ce, ku kama abarku.
Shekara biyu yatsa na bin yatsa,
ita kuwa tana ta haihuwa,
ba goyo, ba yaye.

Mun share namu gefen da adda da manjagara,
mako guda, har tafin hannu ya ɗaye.
Dare ɗaya iskar kudu ta mayar mana da ita,
har da riba.
Iska ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Sai ga Mashauri daga Musoma,
tsoho mai tari, da bokiti a rufe da tsumma.
Ya buɗe: ƙwari, ko ƙwayar wake ta fi su.
Muka yi dariya har Ogutu ya zauna a ƙasa.
Waɗannan ne sojojin?
Ya ce ba nasa ba ne,
wata Nabwire ce ke kiwonsu a can tsallake,
ta ba shi, ta ce ya ba na gaba.
Ba su cin rogo, ba su cin ayaba,
ita kaɗai suka sani tun daga garinsu.
Sharaɗi biyu, in ji shi:
ku wanke koma da inji kafin ku sauya ruwa,
in ta taso daga wajenku, ku faɗa.

Yanzu ganga goma sha ɗaya ce a bayan ɗakina.
Maƙwabta na ƙorafin wari.
Da safe ina juya ganye ina ƙirga tabon haƙori,
ni da ban taɓa ƙirga abin da ya wuce kuɗin kifi ba.

Wani lokaci waya kan yi kuka da tsakar dare.
Nabwire ce, ban taɓa ganin fuskarta ba,
Suwahilinta a karye, nawa a gurguje:
wata mai faɗin kasuwa ta bar mu,
iska na wajenku.
Sai in tashi Ogutu, a fitar da jirage.

Ruwa ya buɗe ido, ba duka ba.
Mashauri ya rasu bara, bokitinsa na nan.
Ya taɓa ce mini irinta na barci a cikin laka,
yana iya jiran jikokinmu.

Jiya 'yar Akeyo ta shigo da gudu,
hannunta a dunƙule, ƙafarta duk taɓo.
Kaka, duba!
Na duba. Har yanzu tana da kyau.
Na ce, zo ki nuna mini
daidai inda kika tsinko ta.